Kwana Huɗu A Kigali, Da Sunan Da Muka Daina Kira

Mako biyu ban rubuto ba, har wasu sun fara tambaya ko aikin dare ne ya haɗiye ni. Tafiya muka yi ni da maigida, mu biyu rak, babu goyo, babu jakar kayan yara. Shekara goma ke nan da aurenmu, ba mu taɓa yin irinta ba.

Adashen da muke yi da abokan aiki ne ya zo kaina, shi kuma ya cika sauran. Ni Dubai na so, shi ya ce Kigali, babban birnin Ruwanda, saboda ɗan Afirka ba sai ya nemi biza kafin ya tashi ba, a filin jirginsu ake buga masa. Da muka kai yara wurin surukata, Hajiya ta ji sunan ƙasar sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ƙasar nan da muka yi ta ji a rediyo ana yanka mutane? Can za ku yi sabon amarci?" Muka yi dariya, ta yi mana addu'a, muka kama hanya.

Kigali gari ne na tuddai, in ka hau wannan sai ka gangara ka hau wancan. A watan Yuli muka je, lokacin ranin su, amma da yamma sai da mayafi mai kauri. Ba za ki ga leda tana yawo a titi ba, don tun 2008 aka hana ta a ƙasar, kuma Asabar ɗin ƙarshen kowane wata jama'a na fita aikin gayya da suke kira umuganda. Kowane ɗan acaɓa yana da hular kwano biyu, tasa da ta fasinja. Na ɗora tawa a kan hijabi, maigida ya yi ta dariya yana ɗaukar hoto yana cewa, "Sista, wannan sai na nuna wa 'yan ɗakinku."

Daren farko a Nyamirambo muka ci abinci. Tsohuwar unguwa ce mai yawan Musulmi, kiran sallah na tashi ta ko'ina kamar kana gida. A ɓangaren Biryogo an hana motoci shiga wasu tituna, an shafe ƙasa da fenti kala-kala, an jera kujeru, mutane na shan shayi har dare. Muka ci tsiren akuya da soyayyen dankalin turawa, na ɗanɗana isombe, miyar dakakken ganyen rogo, muka kora da ikivuguto, wanda in aka rufe miki ido za ki rantse kindirmo ne. Can sai na ga ya zaro tsoka ya miƙo mini a baki. Na waiga hagu da dama. Ya ce, "Wa ya san ki a nan?" Na karɓa. Rabon da in ji kaina matar wani kawai, ba uwar wasu ko ma'aikaciyar jinyar wasu ba, har na manta.

Washegari muka tafi Gisozi, inda aka gina wurin tunawa da kisan ƙare dangin da aka yi wa 'yan ƙabilar Tutsi. Ga waɗanda ba a haifa ba lokacin: a daren 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin shugaban ƙasa Juvénal Habyarimana, washegari kisa ya fara, aka kwashe kusan kwana 100 ana yi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe kimanin mutum 800,000, gwamnatin Ruwanda ta ce sun haura miliyan ɗaya. Yawancinsu Tutsi ne, sai kuma 'yan Hutu da suka ƙi sa hannu. Da adda da kulki aka kashe mafi yawa, kuma sau da dama maƙwabci ne ya kashe maƙwabci. Abin bai faɗo daga sama ba. Tun zamanin mulkin Beljiyam aka fara rubuta ƙabilar mutum a katin shaidarsa, katin nan kuma shi aka riƙa dubawa a shingayen hanya. Gidan rediyon RTLM ya daɗe yana kiran Tutsi kyankyasai, har kunnuwa suka saba. Mu da muka ga rikicin ƙabila da na addini a garuruwanmu mun san yadda ake fara wa mutane suna kafin a fara musu aika-aika.

A 2004 aka buɗe wurin, kuma sama da mutum 250,000 ke binne a nan, ƙarƙashin manyan daɓen siminti a cikin lambu. Na bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya: hotuna rataye a waya, tufafin da aka samu a jikin mamata, ƙasusuwa a cikin gilashi. Idona ƙamas. Shekara goma sha biyu ina aikin jinya, na rufe idon mamata da yawa, na iya tsayawa a gaban dangi in ce, "Sai haƙuri, rai ya yi halinsa," sannan in wanke hannu in wuce gado na gaba.

Sai muka shiga ɗakin yara. Manyan hotuna ne, ƙarƙashin kowanne an rubuta sunan yaron, shekarunsa, wasan da yake so, abincin da ya fi so, sannan yadda aka kashe shi. Layin abincin nan ne ya karya ni. Wata uwa ko wata yaya ce ta zauna ta tuna abin da yaron nan ke so a baki, ta faɗa aka rubuta, don kada ya zama lamba a cikin lissafi.

Ku da kuka daɗe kuna karanta ni kun san 'ya'yana biyu. Uku na haifa. Ɗan farinmu, Sadiq, ya rasu yana da shekara uku, yau shekara shida. Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau masa kai. Ina aikin dare a lokacin, yana gida da babansa. Kafin a kawo shi ya fara jijjiga, kafin asuba ta biyu ya cika. Aka yi zaman makoki, kowa ya ce haƙuri, muka yi. Cikin wata ɗaya dangi suka daina cewa Baban Sadiq, suka koma Baban Ummi, don kada su fama mana ciwo. Na tattara hotunansa na sa a ƙasan akwati. Daga ranar ni da mijina ba mu sake furta sunan yaron a tsakaninmu ba.

Ba ina haɗa rashina da na mutanen Ruwanda ba. Nawa ciwo ne ya ɗauke shi, a kan gado, ina riƙe da hannunsa. Nasu mutane ne suka kashe su da gangan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, su da aka yi wa wannan ta'asa sun iya rubuta abin da 'ya'yansu ke so, ni kuwa ban taɓa gaya wa Ummi cewa yayanta ba ya cin tuwo sai an yi masa 'yan ƙananan loma an jera a bakin kwano ba. Na fita lambu na zauna. Maigida ya zo ya zauna kusa da ni, bai ce komai ba, ni ma haka.

Da yamma muka dawo wurin, wannan karon don kallon wasan kwaikwayo. A cikin harabar akwai dandalin wasanni a fili, inda ake yin bikin Ubumuntu kowane Yuli, bayan an kammala kwanaki 100 na juyayi. Wata mai shirya wasanni 'yar ƙasar, Hope Azeda, ita ta fara shi a 2015, kalmar kuma na nufin mutuntaka. Da farko abin ya yi mini banbaraƙwai, wasa da kiɗa kusa da kaburbura. Da aka fara sai na gane. Rabin maganar ban ji ba, don da yarensu da Faransanci ake haɗawa. Amma akwai inda wata mata ta fito ita kaɗai, ta shimfiɗa tabarma, ta jera kwanuka, tana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya su zo su ci abinci, babu mai amsawa. Wannan bai buƙaci tafinta ba. Dattijuwar da ke gefena tana motsa baki, na tabbata nata sunayen take kira. A cikin duhun nan na ji hannun mijina ya kama nawa, yana rawa.

Bayan an tashi muka koma Biryogo. Aka kawo shayi da capati, muka zuba musu ido. Shi ya fara magana, kansa a sunkuye. Ya ce, "Tun ƙarfe goma jikinsa ya yi zafi. Na ba shi farasitamol na ce bari gari ya waye, kada in tayar miki da hankali a wurin aiki. Shekara shida ina jiran ranar da za ki ce ni na kashe shi."

Ni kuwa shekara shida ina jiran ranar da zai ce: kina can kina jinyar 'ya'yan wasu, naki ya mutu. Na gaya masa haka. Ashe gado ɗaya muke kwana, kowa rungume da laifin da yake zaton ɗan uwansa na ɗora masa. Muka yi kuka, mai shayi ya kawo mana tishu bai tambayi komai ba. Daga nan sai hira ta ɓalle. Ya tuna mini yadda yaron ke sa takalminsa yana jan ƙafa zai bi shi masallaci. Na tuna masa lomomin tuwo. Har dariya muka yi. Shayin ya huce, muka sa aka kawo wani.

'Yar uwa, ɗan uwa, in akwai irin wannan a gidanku, ga abin da na koya. Haƙuri wajibi ne, yarda da ƙaddara imani ne, amma babu inda aka ce haƙuri shi ne a binne suna tare da gawa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. A asibiti ciwon da aka rufe da ruɓa a ciki ba ya warkewa, sai an buɗe an wanke, komai zafinsa. Na san wannan a jikin majinyata, na kasa ganinsa a gidana. Kuma ba sai kun hau jirgi ba. Ku kai yara gidan kaka na yini ɗaya, ku kashe waya, ɗayanku ya daure ya fara faɗin sunan. In kuma zazzaɓi ya kama yaro da dare, kada a jira gari ya waye, a tafi asibiti a yi gwaji.

Mun dawo ranar Talata. Na buɗe akwati na ciro hoto guda, yanzu yana falo. Ummi ta yi ta tambaya har na gaji da amsawa. Jiya da na zuba abincin dare na leƙa ɗaki na ce, "Baban Sadiq, abinci ya sauka." Ya ɗan jima kafin ya ce, "To, ga ni nan."

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mai son ya ambaci nasa, fili a buɗe yake, zan karanta kowane suna. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.