Hannun da ya gina ajinmu yana da haƙƙi a kanmu

'Yan uwa malamai, kafin ɗayanmu ya riƙe alli a gaban allo, wani ne ya riga shi shiga ajin da kwanon kankare a ka. Shi ya buga bulo, ya hau tsani, ya kafa kwanon rufi cikin zafin rana. Idan aiki ya kammala sai a liƙa sunan ɗan kwangila a bango, leburan kuwa ya karɓi kuɗin yininsa ya ƙara gaba. In tsautsayi ya gitta ya faɗo ya karya ƙugu, abin da aka saba gani shi ne a biya kuɗin ɗori, a ce masa Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan. Ra'ayina shi ne wannan al'ada zalunci ce, kuma mu malamai muna cikin waɗanda suka fi kowa damar rage ta.

Mutane da yawa ba su san cewa akwai doka a kan wannan batu ba. A watan Disamba na 2010 aka sanya hannu a kan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987. Hukumar NSITF ce ke kula da asusun. Kowane mai ɗaukar ma'aikata, gwamnati ce ko ɗan kasuwa, wajibi ne ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata. Daga aljihunsa kuɗin zai fito, domin dokar ta hana a cire shi daga ladan ma'aikaci. Ba ta tsaya kan masu takardar ɗaukar aiki kaɗai ba: ta haɗa da mai aikin wucin gadi, da ɗan aikin yini, da mai koyon sana'a. Ke nan birkila da kafinta da yaron da ke miƙa masu siminti duk suna ƙarƙashin inuwarta.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne, wanda ya ji rauni ba sai ya tabbatar da laifin maigidansa ba. Ya isa a nuna cewa a bakin aiki ko a dalilinsa raunin ya same shi, har ma da hatsarin da ya auku a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Wanda ya nakasa gaba ɗaya yana da haƙƙin kashi 90 cikin 100 na abin da yake samu a wata. In ya rasu ya bar mata da 'ya'ya biyu ko fiye, iyalin ne ke karɓar wannan kaso. Akwai kuma tanadin magani da na taimaka wa mai rauni ya koma neman abincinsa. Duk wata yarjejeniya da aka sa ma'aikaci ya yi ta yafe wannan haƙƙi, dokar ta ce ba ta da tasiri.

To, me ya sa magina ba sa cin moriyarta? Dalili na farko wa'adi ne. Ana bukatar mai rauni ko iyalinsa su sanar da mai aikin cikin kwana 14, shi kuma mai aikin ya kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7. Takardar neman diyya kuwa cikin shekara guda ake shigar da ita, sai dai in akwai uzuri na musamman. Mutumin da ke kwance da karaya, ga jahilcin boko, ga yunwa a gida, ina zai san da waɗannan kwanaki? Dalili na biyu rashin shaida ne. Yawancin leburori da baki ake ɗaukarsu, babu rajista, babu rasit. Lokacin da bene mai hawa 21 da ake ginawa ya rushe a Ikoyi ta Legas a ranar 1 ga Nuwamba 2021, ya hallaka fiye da mutum 40, duniya ta ji labari saboda girman ginin. Wanda ya faɗo daga rufin aji a ƙauye kuwa, matarsa da maƙwabtansa kaɗai ke sani.

Akwai masu cewa ƙaddara ce, neman diyya rashin tawakkali ne. Mun yarda da ƙaddara, amma ba ta wanke ɗan kwangilar da ya ɗaura ruɓaɓɓen katako ya ce a hau, ko ya hana hular kwano don ya rage kashe kuɗi. Ita kanta diyya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Shari'ar Musulunci ta san ta tun kafin a rubuta dokar 2010. Yafiya abin yabo ce in mai haƙƙi ya san haƙƙinsa sannan ya yafe. Wanda aka ɓoye wa, ba yafewa ya yi ba, ƙwace masa aka yi. Wasu kuma na cewa bin hukuma wahala ce, takardu sun yi yawa. Gaskiya ne akwai jan ƙafa, amma haƙƙin da ba a nema shi ne ke mutuwa da wuri.

Ina ruwan malamai? Ruwanmu ne ta fuska uku. Waɗannan magina iyayen ɗalibanmu ne, kuma duk malamin da ya daɗe a aji ya san yadda yaro ke ɓacewa daga rajista idan mai ciyar da gida ya kwanta. Manyan ɗalibanmu ma sukan yi leburanci lokacin hutu don sayen littafi. Sannan dokar nan mu ma ta shafe mu, domin ma'aikatan gwamnati na cikinta. Wanda bai tsaya wa haƙƙin lebura ba, da wane baki zai nemi nasa?

Saboda haka ina kira ga shugabannin reshenmu da su ɗauki matakai masu sauƙi. Duk inda za a yi gini ko gyara a makaranta, shugaban makaranta da kwamitin gudanarwarta su nemi ganin takardar shaidar NSITF ta ɗan kwangila. Wannan ba shisshigi ba ne, tunda dokar ta ɗora nauyin biyan kuɗin asusun a kan mai ba da kwangila da mai karɓarta baki ɗaya. A ajiye littafi a ofis, a riƙa rubuta sunayen masu aikin kowace rana. In hatsari ya faru, a rubuta rana da lokaci da shaidu, a adana takardun asibiti. Reshe ya ware mambobi biyu ko uku da za su taimaka wajen rubuta sanarwa da cike fom kyauta, su kuma shaida wa iyalin cewa in an hana su, suna iya ɗaukaka ƙara a hukumar, daga nan zuwa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Alƙalami ne makaminmu, kuma shi ne abin da leburan ya rasa. Wasiƙa guda da malami zai rubuta cikin kwana 14 tana iya zama sanadin da zai bar marayu uku a makaranta. Ya kamata wannan batu ya shiga jerin abubuwan da za mu tattauna a taron reshe mai zuwa.