Wa Zai Gaya wa Mutumin Gaya?

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ina neman afuwa tun da wuri, domin abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba, kuma mu 'yan wannan ƙungiya muna cikin waɗanda zan taɓa.

Da hutun daminar da ta wuce na je gida, can ƙasar Ajingi. Na tarar da wani ƙanena, ɗan baffana, kwance a zaure yana ta sheƙa amai, yawu na dalala, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ashe tun hantsi yake feshin wake a gonar wani mai hali, ana biyansa bisa yawan tankin da ya fesa. Daga shi sai gajeren wando da singileti, ba takalmi, ba kome a hanci, tankin kuma yana yoyo a gadon bayansa. Da ya faɗi, wannan ya ce a ɗura masa madara, wancan ya ce manja. Da ƙyar muka sami motar da ta kai shi asibiti, Allah ya sa da sauran kwana. Bayan hankali ya kwanta na ɗauko kwalbar maganin na duba. Gargaɗi kam yana nan reras, amma da Turanci, da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe. To, don wa aka rubuta shi?

Kada wani ya ce ƙasar nan ba ta da doka. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ta tilasta a killace injuna masu haɗari. Akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, don a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1994. Tun 2003 kuma ake bikin ranar kiyaye lafiyar ma'aikata ta duniya kowace 28 ga Afrilu. A ranar sai manya su hallara a babban zaure a birni, a sa hular kwano sabuwa ful, a karanta jawabi da Turanci, a ɗauki hoto, a watse.

Amma fa ma'aikacin da waɗannan takardu suka fi sani shi ne mai albashin wata, irin na Bompai da Sharaɗa da Challawa. Ka wuce Wudil ka shiga Gaya da Ajingi ka gani, mutum nawa ne ke da takardar ɗaukar aiki? Ma'aikatanmu su ne ɗan feshi, da mahaƙin rijiya, da mai injin niƙa, da mai walda, da ɗan ƙodagon gona. Da baki ake ɗaukarsu da safe, da baki ake sallamarsu da yamma. In bel ɗin inji ya fizgi hannun riga ya haɗa da yatsu, sai mai injin ya ba da ɗan abin sayen magani, a ce ƙaddara ce, shi ke nan an rufe magana.

Ni ban musa ƙaddara ba. Amma mutumin da ya bar bel a buɗe don kada ya sayi murfi, sannan ya fake da ƙaddara, ya haɗa laifi biyu, ganganci da ƙarya. Ai mu muke cewa rigakafi ya fi magani. Abin takaici ma shi ne, yawancin ilimin da zai ceci ran mutanen nan bai fi a faɗe shi cikin minti biyar ba. Maganin ƙwari irin su fiya-fiya yana shiga jiki ta fata da numfashi, ba sai an sha ba. Madara da manja ba sa karya shi. Abin yi shi ne a tuɓe rigar, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar don likita ya san abin da zai yi. Kada a yi feshi ana fuskantar iska, kada a busa bakin ƙarfen feshi da baki in ya toshe, kada a zuba ruwan sha ko man girki a galan ɗin da maganin ya ƙare. Launin da ke gindin takardar kwalba ma magana ce: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Rijiya mai zurfi kuwa tana iya tara gurɓatacciyar iska, balle in an kunna injin jan ruwa a ciki ko a bakinta. Shi ya sa in mahaƙi ya sume a ƙasa, wanda ya dira don ceto ba igiya a ƙugu shi ma yakan tafi. Ina tambaya, wannan bayani yana bukatar digiri kafin a gane shi?

Mun ga abin da rashin sani ya jawo a Zamfara a 2010, sa'ad da masu haƙar zinariya suka riƙa kai duwatsu gida ana daka su a tsakar gida, gubar dalma ta hallaka yara sama da 400. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema. Ba wanda ya gaya musu sai da aka fara haƙa kaburbura.

Za a ce ai ba ma'aikata, ba kuɗi. To, hukumar KNARDA tana da hedikwatar shiyyarta ta uku a Gaya, kuma malaman gona sun san hanyar kowane ƙauye. In suna iya koya wa manomi yawan takin da zai zuba, me zai hana su koya masa yadda zai kare huhunsa? Akwai Sarkin Noma da Sarkin Maƙera, akwai dagatai da masu unguwanni, akwai limamai ran Juma'a, akwai sanƙira ran kasuwa. Ga kuma rediyo, wadda ba ta rabuwa da kunnen manomi. Gidajen rediyon Kano sukan kwashe awa guda ana zage-zagen siyasa, amma minti goma na lafiyar ɗan feshi sai an sami mai ɗaukar nauyi.

Yanzu bari in zo kanmu. Mu ne masu tinƙaho da harshe. Mukan kwana muna gardama a kan ɗafi da tsigalau da inda za a raba kalma. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa tun 2006, mun yi murna, kuma ya cancanta. Amma wane ne a cikinmu ya taɓa zama ya fassara gargaɗin kwalbar maganin feshi guda ɗaya? Harshen da ba ya iya hana ɗan'uwanka mutuwa a gona, ina amfanin kirarin da kake yi masa a ɗakin taro?

Saboda haka ga shawarata. Ƙungiyarmu ta nemi 'yan'uwanmu na sashen aikin gona da na likitanci, su ba mu bayani ingantacce, mu kuma mu zuba shi cikin Hausar da tsohuwa za ta gane, da boko da ajami. Masu wasan kwaikwayo su shirya gajeren wasa, mawaƙanmu su tsara waƙa, a naɗa a waya a yaɗa. Kowane ɗalibi ɗan Gaya ko Ajingi ya koma hutu da kwafi, ya kai wa mai shagon magani da mai unguwa da liman. Mu kuma matsa wa NAFDAC lamba da wasiƙu, kada ta yi wa maganin feshi rajista sai da gargaɗi cikin harsunan masu fesa shi. A fara tun rani, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, watau Abagayawa, su ne suka zo Dutsen Dala neman tama, har birni ya kafu. Ashe ke nan da gumin ma'aikacin Gaya aka aza harsashin Kano. Bai kamata jikokinsa su zama na ƙarshen jin labarin da ya shafi ransu ba. Ƙanen nan nawa ya warke, kuma baɗi zai sake goya tanki, domin ba shi da wata sana'a. Ina so kafin ranar ya riga ya ji. Allah ya ba mu ikon isar da saƙo, amin.