Ra'ayinmu: Kuɗin binciken zaman jama'a, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya

Akwai wata magana da ba a cika kawo ta cikin wannan shafi ba, domin mutane da yawa suna ganin ta malaman jami'a ce su kaɗai. Maganar kuwa ita ce ta kuɗin bincike, wato guzurin da ake bai wa masani domin ya bar ɗakin karatu ya shiga ƙauye da ruga, ya tambaya, ya auna, ya rubuta abin da ya gano game da zaman jama'a. Mu a ganinmu wannan magana ta shafi makiyayin Tenhiya da manomin Gangara kamar yadda ta shafi malamin jami'ar Yamai ko ta Damagaram, domin abin da aka rubuta a kansu shi ne magabata suke dubawa kafin su yanke shawara bisa rijiyarsu da gonarsu da makarantar ƴaƴansu.

Bari mu fara da bayyana abin da ake nufi da ilimin zaman jama'a. Likita yana binciken cuta, malamin gona yana binciken iri da taki, malamin dabbobi yana binciken ciwon bushiya da na huhu. Shi kuwa masanin zaman jama'a mutane yake bincike: tarihinsu, da harsunansu, da yadda suke gadon ƙasa, da yadda suke raba ruwa, da yadda suke ciniki, da yadda suke sasanta rigima. Masana tarihi, da na labarin ƙasa, da na tattalin arziki, da na shari'a, da na harsuna, duk cikin wannan zauren suke. Aikinsu ba ya bukatar manyan injuna, amma yana bukatar mota da mai, da tafinta, da mataimaka, da na'urar ɗaukar magana, da watanni na zama cikin mutane, da kuɗin buga littafi daga ƙarshe. In babu waɗannan, komai zurfin ilimin malami, a bakin allo zai tsaya.

Ƙasar Damargu ta ishe mu misali. A zamanin da, ita ce rumbun hatsin Abzin, kuma ta cikinta ayarin raƙuma yake bi daga Agadas zuwa Damagaram da Kano. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta cikin watan Janairu na 1851, ya rubuta abin da ya gani. Bayan samun mulkin kai, dokar ranar 26 ga Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta ce abin da ke bayan wannan layi ƙasar kiwo ce. Tenhiya, can arewacin gundumar Tanut, tana cikin wannan ƙasa ta makiyaya. Yau shekara sittin da ɗoriya ke nan da wannan doka. A tsawon wannan lokaci jama'a ta ƙaru, gonaki sun yi ta hawa arewa, an yi farin 1973 zuwa 1974, an yi na 1984 zuwa 1985 wanda talakawa suka raɗa wa suna El Buhari, an ga ƙarancin abinci na 2005 da na 2010. Gwamnati ta fito da dokar tsarin karkara ranar 2 ga Maris 1993, ta fito da dokar kiwo ranar 20 ga Mayu 2010, ta ba ƙananan hukumomi iko bayan zaɓen 2004, ta ɗaga Belbeji ta zama gunduma a 2011.

To, ga tambayoyin da waɗannan canje-canje suka haifa. Ina gonaki suka kai yanzu bisa layin 1961? Wa ke da ikon fara shayarwa a rijiyar da gwamnati ta gina, alhali a rijiyar gargajiya kowa ya san mai ita? Bayan kowane fari, hannun wa dabbobi suke komawa, na makiyayi ko na attajirin birni? Me ya sa ɗan makiyayi yake barin makaranta da zarar garke ya tashi? Kwamitocin kula da filaye da dokar 1993 ta tanada, shin suna zama, kuma ana jin maganarsu? Duk prefe ko magajin gari ko sarki da ya taɓa zaman sulhu tsakanin manomi da makiyayi ya san nauyin waɗannan tambayoyi. Ba kuwa a amsa su da zato. Sai an je, an zauna, an ƙirga, an komo an sake dubawa shekara da shekaru.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga wannan aiki. Tun 1944 aka buɗe reshen cibiyar IFAN a Yamai, wanda marigayi Bubu Hama ya taɓa riƙewa. Shi ne ya zama cibiyar ƙasa ta binciken zaman jama'a a 1964, sannan ya zama IRSH a 1974, ƙarƙashin jami'ar Yamai wadda aka girka a 1973. A Yamai ɗin ne kuma aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a 1968, wadda ta zama CELHTO, inda marigayi Julde Laya ya daɗe yana aiki. Daga waccan cibiyar ƙasa ta binciken zaman jama'a ne marigayi Andre Salifu ya fito da littafinsa kan sarautar Damagaram a 1971, da na yaƙin Kawusan a 1973. Jibo Hamani ya rubuta tarihin Adar da na sarautar Abzin. Buraima Alfa Gado ya rubuta tarihin yunwa a Sahel a 1993. Wani Ba'amurke, Stephen Baier, ya buga littafi a 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar, inda Damargu ta sami babban rabo. A 2001 aka kafa cibiyar LASDEL a Yamai, wadda ta yi suna wajen binciken yadda asibitoci da kotuna da ƙananan hukumomi suke aiki a zahiri. A 2010 Damagaram ta sami jami'arta, wadda yau take ɗauke da sunan Andre Salifu, kuma tsakaninta da Tanut bai fi tafiyar kilomita 150 ba. Ashe masana muna da su, gidajen aiki muna da su. Abin da ya rage shi ne guzuri.

Ta ina guzurin yake fitowa? Ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake tafiya. Mai ba da tallafi yakan yi shela cewa yana da kuɗi domin bincike kan batu kaza. Masani ya rubuta takardar nema, ya faɗi tambayar da yake son amsawa, da hanyar da zai bi, da tsawon lokacin aiki, da lissafin abin da zai kashe. Wani kwamiti na masana ya tace takardun, ya zaɓi kaɗan daga ciki. Wanda ya dace ya karɓi kuɗi kashi-kashi, ya yi aiki, ya ba da rahoto da shaidar yadda ya kashe kowane dala. A nahiyarmu, majalisar CODESRIA da aka kafa a Dakar a 1973 ta daɗe tana bin wannan tsari, har da ƙananan tallafi ga ɗalibai masu rubuta kundin babban digiri. Cibiyar CRDI ta ƙasar Kanada, wadda aka kafa a 1970, ita ma ta tallafa wa bincike mai yawa a Afirka. Hukumar ORSTOM ta Faransa, wadda ta koma IRD a 1998, ta yi shekaru tana aiki tare da masananmu. Ba mu raina ko ɗaya daga ciki ba, kuma muna kira ga matasan malamanmu da kada su yi ƙasa a gwiwa wajen neman duk tallafin da ƙofarsa take buɗe.

Amma gaskiya ɗaya ce, kuma Hausawa sun riga sun faɗe ta: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ba da kuɗi shi yake zaɓen tambaya. In a bana hankalin masu ba da tallafi yana kan hijirar matasa zuwa Turai, sai bincike ya koma Agadas. In baɗi yana kan sha'anin tsaro, sai ya koma can. Rigimar burtali a Tarka, ko rabon ruwa a rijiyoyin Tenhiya, sai su jira ranar da suka dace da bukatar wani. Bugu da ƙari, kuɗin waje gajeren numfashi gare shi, shekara biyu ko uku aiki ya ƙare, alhali sanin yadda garke yake farfaɗowa bayan fari yana cin shekara goma ko fiye. Akwai kuma wata illa da ta fi waɗannan ɓoyuwa. Malamin da ba shi da kuɗin bincikensa yakan karɓi ƙwadagon ƴan makonni daga wata ƙungiya, ya rubuta mata rahoton da take so, rahoton ya shige akwati babu mai sake ganinsa. Ba laifin malamin ba ne, iyali gare shi. Sai dai ƙasa ta yi asarar lokacinsa. Daga bisani, kowa ya ga abin da ya faru bayan 26 ga Yuli 2023, lokacin da ƙasashe da yawa suka dakatar da taimakonsu cikin ƴan kwanaki. Kayan aro ba ya rufe katara.

Shugabannin Afirka sun daɗe da gane haka. Tun 1980, cikin shirin da suka sa wa hannu a Legas, suka yi alkawarin kowace ƙasa za ta ware kashi 1 cikin 100 na arzikin da take samarwa domin bincike, aka kuma jaddada alkawarin a Khartum a 2006. Maƙwabtanmu sun gwada hanyoyi. Nijeriya ta aza harajin ilimi na kashi 2 cikin 100 bisa ribar kamfanoni a 1993, ta mai da asusun ya zama TETFund a 2011, ya riƙa biyan gine-gine da karatun malamai da bincike a jami'o'in gwamnati. Burkina Faso ta buɗe nata asusun bincike mai suna FONRID a 2011. Mu ma a nan gida an girka asusun FARSIT domin tallafa wa bincike da ƙirƙira. Saboda haka ba sabuwar hanya muke neman a sara ba, wadda ke akwai muke so a share, a faɗaɗa.

Ga abin da muke ganin ya dace. Na farko, asusun bincike na ƙasa ya sami mashiga tabbatacciya wadda ba ta ƙafewa da canjin minista ko da matsin kasafin kuɗi. Matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011 da ƙarfin tace ganga 20,000 a yini, a ƙasar Ollelewa take, cikin gundumar Tanut ɗin nan. Tun 2024 kuma man Agadem ya fara bin bututu zuwa teku. Ɗan abin da za a tsakura daga wannan arziki ya isa ya riƙe ɗaruruwan masu bincike, kuma ba zai zama abin kunya ba a ce man da ake tacewa a Damargu ya biya kuɗin sanin Damargu.

Na biyu, a keɓe wa ilimin zaman jama'a rabonsa da sunansa, domin in aka haɗa shi cikin ƙwarya ɗaya da masu bukatar manyan injuna, kullum shi ne zai tashi da sauran suɗi. Na uku, rabon ya zama a fili: a yi shela cikin jarida da rediyo, masana su tace takardu bisa cancanta, a buga sunayen waɗanda suka samu da abin da aka ba su, wanda ya ci kuɗi bai yi aiki ba ya mayar. Na huɗu, a tuna da jami'o'in jihohi da ƙananan malamai da mata masu bincike, kada komai ya tsaya Yamai. Kowace jami'a ta buɗe ofishi mai bin diddigin shelar tallafi ta gida da ta waje, mai koya wa matasa rubuta takardar nema da tsara lissafi, domin da yawa daga cikinsu ba ilimi ya kasa musu ba, sanin hanya ne.

Na biyar, wanda a wurinmu shi ne uwa uba, tambaya ta fito daga masu ɗaki, amsa kuma ta koma gare su. Kafin a tsara batutuwan da za a ba kuɗi, a ji ta bakin sarakuna da shugabannin rukunin makiyaya da ƙungiyoyin manoma da mata da ma'aikatan gundumomi. In aiki ya ƙare, ya zama sharaɗi mai bincike ya koma inda ya yi tambaya ya karanta wa mutane abin da ya samo, ya kuma bar taƙaitaccen bayani da Hausa da Tamajak da Fulfulde da Barbarci. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, babu sauran hujjar a ce abin da aka rubuta kan mutanen Tenhiya sai mai jin Faransanci ko Ingilishi kaɗai zai iya karanta shi.

A nan ne kuma ku da kuka fito daga azuzuwan yaƙi da jahilci kuke da naku aiki. Wanda ya iya rubutu ya iya riƙe littafin garinsu: ranar da ruwan shuka ya sauka, farashin tiyar hatsi da na akuya kowace ranar kasuwa, ranar da garke ya ratso da ranar da ya koma, rigimar da aka yi da yadda aka kashe ta, da abin da tsofaffi suka tuna na shekarun yunwa kafin su tafi da shi. Irin wannan littafi, in aka riƙe shi shekara goma, dukiya ce da babu masanin da zai iya sayenta da kuɗi. Ya dace kuma tallafin bincike ya tanadi ladan masu riƙe shi, a kuma ambaci sunansu cikin aikin.

Jama'a, fari zai sake zuwa, domin Sahel muke. Ranar da ya zo, magabata za su bukaci sanin inda mutane suke, da abin da suka mallaka, da hanyar da taimako zai bi ya isa gare su ba tare da ya haddasa sabuwar rigima ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna fata ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta kuɗi, da shugabannin jami'o'i, da hukumomin jihar Damagaram za su dubi wannan magana tun kasafin kuɗi mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.