Maganin Da Ya Mutu Ba Ya Zama Sadaka

Jama'a, akwai wata ɗabi'a da muke so a taka mata burki. In magani ya kusa cika wa'adinsa a sito, mai shi ya hango asara, sai ya tuna da gidan gajiyayyu. A loda kwalaye a mota, a kira mai ɗaukar hoto, a ce wane ya yi sadaka. Tsohuwar da za ta haɗiyi ƙwayar ba ta yi boko ba, in ma ta yi, ido ya tafi. Wa zai duba mata ranar da aka buga a jikin kwalba?

Wannan ciwo ba namu ne kaɗai ba. Lokacin yaƙin Bosniya da bayansa, daga 1992 zuwa 1996, ƙasashe suka yi ta aika magani gudummawa, daga baya aka ƙiyasta wajen tan dubu 17 ba shi da amfani. A 1996 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fid da ƙa'ida, cewa maganin kyauta ya kasance saura masa shekara guda aƙalla ranar da ya iso. Ashe ba sabuwar magana muka kawo ba.

Masu gardama suna cewa ai ƙwaya ba ta mutuwa ranar da aka rubuta. Akwai ƙamshin gaskiya. Tun 1986 ake gwada maganin da sojan Amurka suka ajiye, aka tarar yawancinsa ya wuce ranarsa da ƙarfinsa. To, amma wancan a kyakkyawan ma'aji yake, kuma sai an gwada kafin a ƙara masa kwana. Namu fa? A kwali an rubuta kada zafi ya wuce awo 30, ga shi a Kano cikin Afrilu yakan haye 40, ɗaki na kwano, wuta babu. Allurar insulin ta masu ciwon sukari, da ƙwayar ciwon zuciya da ake sa wa ƙarƙashin harshe, da ɗigon ido, duk ba su jure haka, kuma su ne abokan zaman tsofaffi. Tsoho ya yi ta karɓar allura, sukari bai sauka ba, in ya cika a ce kwana ne ya ƙare. Ba mai tambaya.

Saboda haka muna neman hukuma ta hana kowane gidan gajiyayyu karɓar maganin da bai kai saura shekara ba, ko daga hannun wa ya fito. Kowane wata mai ilmin magani ya ƙirga abin da ke ma'aji, ya rubuta a littafi, wanda ya mutu a ware shi a miƙa wa NAFDAC ta ƙone. Kada a zuba a bola, yara su tsinta.

Ku kuma 'yan'uwanmu na kasuwa, in aka kawo muku kwali da araha kun ga an kankare rana ko an liƙa wata, kada ku saya. Ku riƙe kwalin, ku kai wa shugaban layinku.