Sulhun Turkiyya da Kurdawa: Ina kujerar matasa?

A ranar 11 ga Yulin 2025, mayaƙa 30 na ƙungiyar PKK, maza da mata, sun zuba bindigoginsu cikin wani ƙaton kasko suka cinna musu wuta a kusa da Sulaimaniyya, arewacin Iraki. Wata biyu kafin nan ƙungiyar ta sanar da rusa kanta, bayan kiran da jagoranta Abdullah Ocalan ya yi daga kurkukun tsibirin Imrali, inda yake tsare tun 1999. Yaƙin da aka fara a 1984 ya ci rayuka fiye da 40,000. Duk mai hankali zai yi murna da a daina shi, mu ma mun yi.

Amma mai karatu, duba waɗanda suka ƙulla wannan sulhu. Devlet Bahceli, ɗan kishin ƙasar Turkiyya da ya buɗe ƙofar a Oktoban 2024, da Shugaba Erdogan, da shi kansa Ocalan, dukkansu sun haura shekara 70. Ba mu raina hakan ba, ai da tsohuwar zuma ake magani, kuma babu wani matashi da zai ce wa PKK ta ajiye makami ta ji. Sai dai waɗanda za su rayu a ƙarƙashin abin da aka sa wa hannu su ne 'yan shekara ashirin na Diyarbakir da Van da unguwannin Istanbul. Ra'ayinmu shi ne, in ba a ba su kujera a teburin ba, sulhun nan yana kan ƙafa ɗaya.

Ga wanda bai san Kurdawa ba: al'umma ce ta mutum miliyan 30 zuwa 40, yawancinsu Musulmi, jinsin Salahuddin al-Ayyubi. Yarjejeniyar Sevres ta 1920 ta buɗe musu hanyar samun ƙasa, ta Lausanne ta 1923 ta rufe, suka wayi gari a rarrabe tsakanin Turkiyya, Iraki, Iran da Siriya. Mafi yawansu suna Turkiyya.

Abin da ya fi ci wa matashin Bakurde tuwo a ƙwarya shi ne harshe. Kai da kake karanta wannan rubutu da Hausa, ɗauka an wayi gari an ce haramun ne ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ, ko ka sa wa ɗanka sunan da ke ɗauke da su. To haka haruffan q da w da x suka kasance a Turkiyya har 2013, saboda Kurdanci yana da su, Turkanci ba shi da su. Dokar 1983 ta hana wallafa da yaɗa komai da harshen, sai a 1991 aka soke ta. A shekarar ce Leyla Zana, tana da shekara 30, ta ƙara jimla ɗaya ta Kurdanci a rantsuwarta ta shiga majalisa. Daga baya ta yi shekara 10 a gidan yari. Gaskiya an samu ci gaba a zamanin Erdogan: tashar talabijin ta gwamnati mai Kurdanci a 2009, da darasin Kurdanci na zaɓi a makarantu a 2012. Amma darasin awa biyu ne a mako, kuma sashe na 42 na kundin tsarin mulki har yanzu ya hana koyar da wani harshe a matsayin harshen uwa in ba Turkanci ba. Sakamakon haka akwai yara da yawa da ke jin maganar kakarsu amma ba sa iya mayar mata da amsa da harshenta.

Ko a kwamitin majalisa mai mutum 51 da aka kafa a Agustan 2025 don shirya dokokin sulhun, an gayyaci iyaye mata Kurdawa da suka rasa 'ya'yansu a yaƙin, da suka so yin magana da Kurdanci aka ce su yi da Turkanci. A zaman sulhu fa! In uwa ba ta samu wannan damar ba, me kake tsammanin ɗanta da ke kallo a waya zai ɗauka?

Dalilinmu mafi ƙarfi shi ne abin da ya faru a 2015. An taɓa yin irin wannan tattaunawa daga 2013, tsakanin jami'an leƙen asiri, da Imrali, da wasu 'yan siyasa ƙalilan, kusan duk a bayan labule. A ranar 20 ga Yulin 2015 wani ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe mutum 33 a garin Suruc, yawancinsu matasa da ke shirin tsallakawa Kobani don taimakon sake gina garin. Kwanaki kaɗan bayan nan sulhun ya wargaje. Su wa suka haƙa ramuka suka tare tituna a Cizre da Nusaybin da unguwar Sur ta Diyarbakir? Samari ne, wasu ko gashin baki ba su fara ba. Sojoji suka shiga da tankoki, aka rushe unguwanni sukutum, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Ba a tambayi yaran nan komai lokacin da ake magana ba, amma da magana ta lalace su aka fara binnewa. Haka ma ƙananan sojojin Turkiyya, 'ya'yan talakawa da ke aikin soja na dole.

Kada ka ɗauka muna wanke PKK. Turkiyya da Amurka da Tarayyar Turai duk sun sa ta a jerin 'yan ta'adda, ta kashe fararen hula har da malaman makaranta, kuma ta ɗebi yara ƙanana zuwa duwatsu. Ita ma ta yi amfani da matasa kamar itacen girki. Kuma matasan Kurdawa ba bakinsu ɗaya ba: akwai masu bin jam'iyyar DEM, akwai masu zaɓen Erdogan, akwai masu ra'ayin addini, akwai waɗanda damuwarsu aikin yi ce ko bizar Jamus. Wannan ma hujja ce a kan kada a bar ƙungiya ɗaya ta ce ita ce bakinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce, ai kwamitin ya saurari ƙungiyoyi iri-iri. E, ya saurara. Amma a ba ka minti goma ka yi magana ka fita daban, ka zauna inda ake rubuta doka daban. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙuduri mai lamba 2250 a 2015, da 2419 a 2018, waɗanda suka nemi a shigar da matasa cikin tattaunawar sulhu da aiwatar da ita. Turkiyya kuma ta rage shekarun tsayawa takarar majalisa zuwa 18 tun 2017. Hanyar tana nan ke nan, niyya ake nema.

Sannan akwai maganar ƙuri'a. Yaya za ka ce wa yaro ya bar dutse ya riƙi akwatin zaɓe, alhali tun 2016 gwamnati tana tsige zaɓaɓɓun shugabannin biranen Kurdawa tana naɗa kantomomi? A Van, a Afrilun 2024, an hana Abdullah Zeydan kujerar da ya ci aka miƙa wa wanda ya zo na biyu. Matasa suka cika tituna, hukumar zaɓe ta janye. A Fabrairun 2025 aka tsige shi aka sa kantoma. Selahattin Demirtas, wanda ya jawo miliyoyin matasa zuwa siyasar ƙuri'a, an kama shi a Nuwamban 2016, kuma Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce a sake shi a 2018 da 2020, aka yi kunnen uwar shegu.

Don haka duk lokacin da ka ga labarin sulhun nan, wuce hoton musabaha ka nemi amsar tambayoyin nan: an taɓa sashe na 42? An soke dokar naɗa kantoma? Mayaƙan da suka hau dutse suna 'yan shekara sha bakwai, akwai doka da makaranta da sana'ar da ke jiran su in sun sauko? Kuma cikin masu rubuta dokokin, mutum nawa ne aka haifa bayan 1984?