Macen Da Ta Shugabanci Likitocin Soja

'Yan'uwana mata, ko kun san akwai lokacin da lafiyar dukan sojan ƙasa na Nijeriya take hannun mace? Sunanta Aderonke Kale, likitar masu taɓin hankali. Ta yi karatun likita a Ibadan, ta shiga soja a 1972. A 1990 ta zama Birgediya Janar, a 1994 ta kai Manjo Janar, aka danƙa mata shugabancin sashen likitocin soja. Ta rasu a 2023.

To, ita ma daga aji ɗaya ta soma. Uwa, kada ki fid da 'yarki daga makaranta saboda talla. Ke kuwa 'yar makaranta, riƙe lissafi da kimiyya da kyau, gama su ne ƙofar aikin likita.