ZAUREN UWARGIDA: Yaushe Rabonki Da Ki Auna Kanki?

 

Uwargida, kullum kina cikin awo. Kin san kwano nawa na shinkafa zai kai ku ƙarshen wata, kin san gishirin da zai ishi miya ko ba ki ɗanɗana ba. To amma yaushe rabonki da ki zauna ki auna rayuwarki ke kanki? Da yawanmu sai jiki ya kwantar da mu, ko maigida ya fara ƙorafi, ko 'yan uwa sun yi fushi, sannan mu farga cewa wani ɓangare ya daɗe a yashe. Rayuwa kuwa tamkar murhu take, idan dutse ɗaya ya nutse, tukunya karkacewa za ta yi komai kyan sauran.

Akwai wani ma'auni mai sauƙi da masu horar da ma'aikata suka daɗe suna amfani da shi. Ana danganta shi ga wani Ba'amurke, Paul J. Meyer, wanda ya kafa cibiyar horarwarsa a shekarar 1960. Da'ira ce kamar faifai, a raba ta gida takwas, kowane gida da sunan wani ɓangare na rayuwa. Namu gidajen za su iya zama: ibada, lafiyar jiki, zaman aure, tarbiyyar yara, zumunci, neman ilimi, sana'a da kuɗi, sai hutu. Kowanne za ki ba shi maki daga 1 zuwa 10, gwargwadon gamsuwarki da shi a yau.

Yanzu masu shirya darussa a kwamfuta sun mayar da faifan nan abin taɓawa. A manhaja irin su Articulate Storyline, wadda ta fito a 2012, kowane gida ana sa masa madanni da ake ja hagu ko dama. A bayan madannin akwai ma'ajiyar lamba da ke riƙe makin da aka zaɓa, sai a ba manhajar umarni cewa duk lokacin da lambar ta canja, launin gidan ya ƙaru ko ya ragu. Kafin ki gama ja, hoton rayuwarki ya bayyana a gabanki, wani gefe a cike, wani a rame. A shafin ƙarshe sai ta nuna gidan da ya fi ƙarancin maki, tare da shawarar da aka tanada masa tun farko.

Wannan manhaja ta kuɗi ce, kuma sai da kwamfuta. Amma malamar Islamiyya ko shugabar ƙungiyar mata za ta iya shirya makamancinsa kyauta a wayarta da Google Forms: tambayoyi takwas, kowacce da sikelin 1 zuwa 10. Ba zai zana faifan ba, sai dai zai tattara amsoshin ya nuna inda matan suka fi rauni, ta san darasin da za ta sa gaba. Gargaɗi ɗaya, malama: kada ki nemi suna ko lambar waya. Makin da mace ta ba zaman aurenta sirrinta ne, kuma idan ta san za a gane ta, ba za ta faɗi gaskiya ba. Wadda ba ta da ko ɗaya kuwa, ta kifa murfin tukunya a kan takarda ta zagaye shi da biro, aiki ya kammala.

Da na gwada nawa, tarbiyyar yara na ba 8, sana'a 7, amma da na zo kan lafiya sai biro ya tsaya. Na tuna rabona da awon hawan jini tun goyon autata, ga ciwon kai ina ta danne shi da magani. Da ƙyar na rubuta 3. Washegari na tafi asibiti.

Don haka 'yar uwa, ki kiyaye abu uku. Na farko, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ki rubuta abin da yake, ba abin da kike so a ce ba. Na biyu, kada ki auna kanki da kishiya ko maƙwabciya, kuma kada ki ce sai kin samu 10 a ko'ina. Mai jego ba za ta yi daidai da wadda ta aurar da 'ya'yanta ba. Na uku, taura biyu ba ta taunuwa. Ki zaɓi gida ɗaya, ki yanke ƙaramin abin da za ki yi masa a wannan wata, ko da kiran gwaggonki ne duk Juma'a, ko kwanciya da wuri bayan Isha'i.

Ki rubuta kwanan wata a jikin takardar ki adana ta a ƙasan akwati. Bayan wata uku ki zana sabuwa, ki jera su ki gani.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.